Gasar Burauzoji a Ma'aunin Manazarcin Hausa: Duba Daga Sakkwato

Duk lokacin da aka tashi kwatanta burauzoji, wato manhajojin da ake buɗe shafukan intanet da su, ma'aunan da ake ɗorawa a kan sikeli ba su cika sauyawa ba: wacce ta fi sauri, wacce ta fi tattalin batir, wacce ta fi tsare sirri. Waɗannan ma'aunai ne na ƙwarai, sai dai an yanka su ne daidai wuyan mai karanta Ingilishi wanda ke da wadatar data da tsayayyar wutar lantarki. Malami ko ɗalibin Hausa da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Jami'ar Jihar Sakkwato yana da wasu tambayoyi da suka riga waɗancan. Shin burauzar za ta nuna masa ƙ da ɗ da ɓ yadda marubuci ya rubuta su? Shin za ta fito da ajami da ɗigogginsa cikakku? Nawa buɗe maƙala guda zai ci masa? Kuma ta hannun wa rubutun yake bi kafin ya iso gare shi? Idan aka auna da waɗannan, jerin gwanaye yakan sauya, har ma a tarar cewa wani kaso mai yawa na laifin da ake ɗora wa burauza yana wuyan masu wallafa Hausar ne.

Ya kamata a fara da sanin cewa gasar ba ta kai yawan sunayen da ake gani ba. Kowace burauza tana da inji a cikinta, shi ne ke karanta shafi ya jera haruffa da hotuna a fuskar waya ko kwamfuta. A yau manyan injuna uku ne kacal suka rage. Akwai Blink na kamfanin Google, wanda aka ɓallo daga WebKit a 2013. Akwai WebKit ɗin kansa da Safari ta kamfanin Apple take tafiya a kai. Sai kuma Gecko na Mozilla, wanda Firefox take amfani da shi tun fitowarta a 2004. Opera, wadda ta taso daga Norway da injinta na kanta, ta koma kan na Google a 2013. Microsoft ta bi sahu a Janairun 2020 da ta sake gina Edge a kan wannan tushe, sannan ta yi wa Internet Explorer ritaya a Yunin 2022. Brave da Samsung Internet ma duk 'yan ɗaki ɗaya ne da Chrome. Ke nan mai sauya Chrome da Edge yana zaton ya bar gida, alhali ƙofa kawai ya sake. Abin da wannan ke nufi ga harshe irin Hausa shi ne, duk shawarar da injiniyoyin Blink suka yanke game da yadda za a sarrafa wani harafi, ita za ta hau kan mafi yawan masu karatu a lokaci guda, ko ta dace ko ba ta dace ba.

A Sakkwato, kamar sauran biranen Arewa, waya ce ƙofar intanet ta mafi yawan ɗalibai, kuma wayoyin Tecno da Infinix da itel su ne suka cika hannaye. Wanda ke zuwa mazaunin jami'a na dindindin a Dundaye daga cikin gari ya riga ya biya kuɗin mota. Wanda ke karatun digiri na biyu yana koyarwa a wata makarantar Gwadabawa ko Bodinga ba kullum yake samun damar shiga Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo ba. Ga irin waɗannan, data kuɗi ce da ake ƙirgawa. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Shekaru uku kafin nan, a 2022, Google ta cire tsarin tsimin data daga Chrome ta wayoyin Android, tana mai kafa hujja da cewa data ta yi sauƙi a ƙasashe da dama. Wataƙila hujjar ta yi daidai a wasu wurare, amma wanda ya tsara ta bai sayi kati a Kasuwar Shehu Shagari ba.

A nan ne Opera Mini ta sami gindin zama, kuma ta cancance shi. Dabararta tun da aka sake ta ga duniya a 2006 ita ce, maimakon waya ta ɗauko shafi kai tsaye, sai uwar-garken kamfanin ta ɗauko shi, ta matse shi, ta aiko wa wayar da ɗan abin da ya rage. Kamfanin yana cewa tsimin kan kai kashi 90 cikin ɗari, kuma ko da ba a kai nan kullum ba, duk wanda ya gwada ya san bambancin a fili yake. A inda layin sadarwa ke rawa, sau da yawa ita kaɗai ke iya buɗe shafi yayin da sauran ke ta juyi. Ɗalibai da yawa da ita suka fara karanta labaran Sashen Hausa na BBC da na Muryar Amurka da jaridar Aminiya. Duk mai raina ta, to bai san yadda karatun Hausa ya yaɗu a wayoyi ba.

Sai dai tsimin yana da farashin da ba a rubuta shi a fuska ba, kuma manazarci ne ya fi kowa biyan sa. A matakin tsimi mafi tsanani, Opera Mini ba ta ɗauko zubin haruffan da mai shafi ya tanada; da abin da ke cikin wayar take aiki. Haka kuma tana rage ingancin hotuna domin su yi sauƙin ɗauka. Ga mai kallon hoton ɗan ƙwallo wannan ba komai ba ne. Amma ga mai duba hoton shafin wata waƙar ajami ta ƙarni na 19, ɗigo guda da ya dushe ya isa ya mayar da wani harafi wani, ya sauya kalma, ya karya ma'aunin baiti, a kuma gina sharhi a kan karatun da bai inganta ba. Bugu da ƙari, shafukan da ke buƙatar cike takarda mai matakai, irin na tura maƙala ga mujalla ko na rajistar ɗalibai, sukan cije a wannan yanayi. Akwai kuma batun amana: tunda sai uwar-garken kamfanin ta buɗe shafin kafin ta matse shi, duk abin da aka karanta ko aka rubuta a wannan mataki ta hannunta yake bi. Tun 2016 kuma mallakar burauzar ta koma hannun wasu masu zuba jari na ƙasar Sin. Wannan bai zama hujjar zargi ba, amma malamin da ke shigar da makin jarrabawa ko yake duba maƙalar da ba a wallafa ba ya kamata ya san ta wace hanya takardarsa take bi.

Matsalar da aka fi kuka da ita, wato ta haruffa masu ƙugiya, ita ce kuma wadda burauza ta fi ƙarancin laifi a cikinta. Tarihin waɗannan haruffa sananne ne ga manazarta: daga ƙa'idojin da Hanns Vischer ya fitar a 1912, zuwa karɓar masu ƙugiya a shekarun 1930 zamanin Rupert East a Zariya, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. Da kwamfuta ta zo, ba a tanadi wurinsu a madannai ba, sai masu kishin harshe suka nemi mafita. Daga cikin abin da aka samar akwai zubin haruffa na Rabi'at da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙira a shekarun 1990, wanda ya yi wa ɗab'in Hausa hidimar da ba za a manta ba. Dabarar irin waɗannan zubi ita ce a ari gurbin wata alamar da Hausa ba ta buƙata a zana harafi mai ƙugiya a kai. Wasu sun ɗora ƙ a kan q, ɗ a kan x, ɓ a kan v. Wasu sun ɗora su a kan alamomin baka. A kan takarda komai lafiya lau. Amma kwamfuta ba ta san an yi aro ba. A wurinta q tana nan q. Da zarar an kwafi rubutun an ɗora a intanet, ko aka buɗe shi a na'urar da ba ta da wannan zubi, sai aro ya koma wurin mai shi, a ga qasa da xaya da varawo, ko kuma }asa da ]aya.

Babu burauzar da za ta gyara wannan, domin abin da aka ba ta shi ta nuna. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa ta kansa, ya ƙunshi ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, manya da ƙanana, tun farkon shekarun 1990. Chrome da Firefox da Safari da Edge duk suna nuna su ba tare da gardama ba, wayoyin Android na yanzu ma haka, kuma madannan Gboard suna da tsarin Hausa. Iyakar aibin da ya rage shi ne idan mai shafi ya zaɓi zubin ado wanda ba shi da masu ƙugiya, sai burauza ta aro su daga wani zubin, a ga ƙ ta fi maƙwabtanta tsawo ko kauri kamar baƙuwa a taron dangi. Wannan muni ne kawai, ma'ana tana nan.

Asarar da ta fi girma a wajen bincike take. Manazarcin da ke neman kalmar ƙarangiya a cikin kundin digiri mai shafi 300 zai rubuta ta a akwatin nema, burauza ta ce babu, alhali tana nan sau da dama a matsayin qarangiya. Wanda kuma ya gaji ya watsar da ƙugiyar gaba ɗaya ya haɗa baki da baƙi, fada da faɗa, bata da ɓata a tukunya guda. Kundaye masu yawa na sassan Hausa, waɗanda aka sha wahalar tattara bayanansu daga bakin tsofaffi, suna zaune a intanet cikin wannan hali: ana iya ganin su, ba a iya gano su. Injin bincike ba ya kai mai nema gare su, kuma duk wata manhajar da ake koya wa Hausa daga rubutun intanet tana haɗiye su da kurakuransu.

Ajami ne fagen da bambancin burauzoji da na'urori ya fi fitowa, kuma babu garin da abin ya fi shafa kamar Sakkwato. Gadon rubutun Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u, da abin da ke adane a Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, da wanda ke hannun zuriyoyin malamai a cikin gari, an rubuta shi ne da hannun Magariba bisa ruwayar Warshu, inda fa'un take da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, ga kuma ɗigon imala da ke ba da wasalin e. Zubin Larabcin da wayoyi da kwamfutoci suke zuwa da shi na Gabas ne. Sai a 2016 Unicode ta ware lambobi na musamman ga fa'un da ƙaf da nun na Afirka, aka kuma ƙara wasu haruffan da ajamin Hausa ke buƙata a 2020. Ƙungiyar SIL ta samar da zubin Harmattan domin harsunan Afirka ta Yamma, da kuma Alkalami wanda aka zana bisa salon rubutun Kano. Ke nan kayan aiki sun samu. Amma idan wayar mai karatu ba ta da waɗannan zubi, dole shafin ne zai aiko mata da su, kuma a nan ne Chrome da Firefox da Edge da Safari suke karɓa, Opera Mini mai tsananin tsimi kuwa ta ƙi, sai mai karatu ya ga 'yan akwatuna a gurbin haruffa. Burauzar da talaka ya fi iya ɗauka ita ce ta fi nisa da rubutun kakanninsa.

Firefox tana da wata 'yar fifiko a wannan fage: ita kaɗai cikin manyan burauzoji take karɓar fasahar Graphite, wadda SIL ta ƙera domin tsarin rubutun da manyan kamfanoni ba su kula da su ba. Bai kamata a zuzuta wannan ba, domin ajamin Hausa yana fita da fasahar OpenType da kowa ke amfani da ita. Abin lura dai shi ne wace ce ta bar ƙofa a buɗe ga ƙananan harsuna tun ba a roƙe ta ba.

Ƙarfin Chrome kuwa ba ya ɓuya. Kusan kashi biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya da ita suke shiga, don haka masu gina shafuka da ita suke gwaji, wasu ma da ita kaɗai. Abin da ya ƙi buɗewa a wani wuri yakan buɗe a cikinta. Tana kuma ɗauke da fassarar Google, wadda Hausa ta shiga cikinta a Disambar 2013. Edge ma ta sami tata bayan Microsoft ta ƙara Hausa cikin harsunan fassararta a 2023. Ga ɗalibin da ke son fahimtar gundarin wata maƙalar Faransanci daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wannan taimako ne na gaske. Amma ga sashen da sana'arsa harshe ce, akwai abin tsoro a ciki. Idan aka saita burauza ta riƙa fassara kai tsaye, ɗalibi zai iya karanta shafi sukutum da Hausar inji yana zaton ta mutum ce, har ya tsamo misalan ginin jimla daga ciki ya kafa hujja da su. Injin kuma daidaitacciyar Hausa ya fi sani, ita ma ta jaridu. Sakkwatanci da munka da yat tahi da wagga baƙo ne a wurinsa, balle waƙar Narambaɗa ko ta Ɗanƙwairo, inda rabin ma'ana ke cikin habaici da zambo. Sauran aibobinta sanannu ne: tana da nauyi a kan tsohuwar kwamfuta mai ƙaramar ma'adana, kuma a wayar Android ba ta karɓar ƙarin manhajojin da ke toshe talla. Kamfanin da arzikinsa ya dogara a kan talla ba zai yi gaggawar taimaka wa mai gudun talla ba, alhali kowane talla da ya buɗe, daga datar mai wayar ya ci.

Edge ta fi dacewa da mai yawan karanta takardun PDF a kwamfuta, saboda sauƙin ja wa rubutu layi da yin ta'aliƙi a gefe. Safari ta masu iPhone ce, kuma a Nijeriya kowace burauza aka saka a iPhone injin Safari ne a cikinta, ko da sunan Chrome take ɗauke. Phoenix, da ke zuwa a cikin wayoyin Tecno da 'yan uwanta da dama, ta ƙware wajen sauke bidiyo da cika fuska da sanarwar labarai. Ba domin nazari aka yi ta ba.

Firefox ce ta rage, kuma ita ce ya kamata sassan Hausa su riƙe a matsayin ta biyu ko da ba su mayar da ita ta farko ba. A waya tana karɓar manhajar toshe talla, wanda hakan tsimin data ne da ba ya taɓa ingancin hoto ko zubin harafi. Gidauniyar Mozilla ce kuma ta kafa shirin Common Voice a 2017, inda masu sa kai ke ba da muryoyinsu a tara taskar da kowa zai iya ɗauka kyauta, Hausa kuma tana ciki. Aibinta shi ne masu amfani da ita sun yi ƙaranci, har wasu shafuka ba sa damuwa da ko sun buɗe a cikinta. Fassarar da ta ƙaddamar a 2023, wadda ke aiki a cikin na'ura ba tare da aika rubutu ko'ina ba, da harsunan Turai ta fara. Sannan 'yancinta yana da iyaka, domin mafi yawan kuɗin shigar Mozilla daga Google yake zuwa, ladar sanya injin bincikenta a gaba. A shari'ar da wata kotun tarayya a Amurka ta yanke a Agustan 2024, inda ta sami Google da laifin kankane kasuwar bincike, an bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya fiye da dala biliyan 26 domin irin wannan matsayi a burauzoji da wayoyi. Duk da haka, inji na biyu ko da ramamme ne yana da amfani: shi ne shaidar da za a gwada shafi da ita a gane ko an gina shi bisa ƙa'idar kowa da kowa ne ko bisa ɗabi'ar Chrome kawai.

Abin da ke hannun sassan Hausa da editocin mujallu ya fi abin da ke hannun kamfanonin nan yawa. Sharaɗin karɓar maƙala ko kundi ya kamata ya ƙunshi cewa da Unicode aka buga shi, a daina neman marubuci ya turo da zubin aro. Tsofaffin kundaye da ke cikin q da x da v ana iya mayar da su ta hanyar nema da musanyawa, aikin da ɗalibi guda zai gama cikin yini, in dai ya yi hattara da sunayen Turawa da kalmomin Ingilishi da ke cikin manazarta, kada Vischer ya koma Ɓischer. Mujallar da ke fitowa a intanet ta ajiye kowace maƙala a matsayin shafi mara nauyi baya ga PDF, domin PDF mai nauyi ba ya matsuwa, kuma karanta shi a ƙaramar waya azaba ce. Duk inda aka kawo ajami, a haɗa hoton asali da bugaggen rubutu da kuma juyarsa zuwa boko, a gargaɗi mai karatu ya kashe tsimin hoto kafin ya dogara da ɗigo. Kafin a saki kowace fitowa kuma, edita ya buɗe ta a Chrome da Firefox a kwamfutar ofis, sannan ya ari ƙaramar itel ta wani ɗalibin aji ɗaya, ya buɗe ta a Opera Mini, ya nemi kalmar ƙasa ya ga ko za ta fito.